Kada a Saki Mota Firi a Gangara

'Yan'uwana mata, yau zancenmu na mota ne. Kada wata ta ce wannan sha'anin maza ne, gama mu da 'ya'yanmu ke zaune a baya, cikinku kuma akwai masu koyon tuƙi.

Wadda ta taɓa bin hanyar Yelwa zuwa Kwantagora ko Koko ta san halin waɗansu direbobi. Da an zo gangara sai su zare giya su bar mota firi, wai tattalin mai suke yi. To, garin neman gira ke nan a rasa ido.

In mota tana cikin giya aka ɗage ƙafa daga totur, injin ke riƙe ta, kamar linzami da doki. In kuwa aka sake ta firi, nauyi duka ya koma kan birki, ya yi zafi, kamunsa ya ragu. Ga lodin albasa, ga shanu sun ratso hanya! Man ma bai tsira ba: motocin zamani kan yanke mai da kansu in suna gangarawa cikin giya, a firi kuwa injin sha yake yi.

Ke mai koyo, taka birki a hankali, ki sauko daga lamba huɗu zuwa uku, zuwa biyu in ta kama. Kada ki sa firi sai mota ta kusa tsayawa.

Ke kuma fasinja, ce, "Malam direba, don Allah mai da ta giya." Gara ya ɓata rai da a kwana asibiti.

Allah ya kiyaye hanya, amin.