Ƙaddara Ba Ta Biyan Kuɗin Magani

'Yan uwana mata, yau da mu nake, mu masu sana'ar cikin gida. Daga Yakasai har Mandawari da wuya ki shiga lungu ba ki ji ƙamshin ƙosai ko ƙarar injin markaɗe ba. Amma wa ke gaban kaskon? Sau da yawa 'yar aiki ce da aka kawo daga ƙauye. Ran da tafasasshen mai ya saɓule mata fatar hannu, ko bel ɗin inji ya ja yatsanta, sai ki ji an ce "ƙaddara ce", a fasa ɗanyen ƙwai a shafa mata, kwana biyu a sa ta a mota a mayar wa iyayenta. Haba jama'a! Ribar da hannun nan ya kawo ai adashe muka zuba da ita, lokacin babu wadda ta tuna da ƙaddara.

To ku sani akwai doka. A 2010 aka sa hannu a dokar biyan diyyar ma'aikata ta tarayya, wadda ta maye gurbin ta 1987, kuma hukumar NSITF ce ke riƙe da asusun. Duk mai ɗaukar ma'aikaci zai zuba kashi 1 cikin 100 na albashin da yake biya, ba kuma a yarda ya zare shi daga kuɗin ma'aikacin ba. In kina biyan naira 20,000 a wata, naira 200 ke nan. Ko katin waya ya fi haka! Dokar ba ta tsaya kan masu ofis ba. Ta ambaci mai koyon sana'a, da mai aikin wucin gadi, da 'yar aikin da ba 'yar gidan ba, ko da kuwa da baki aka yi yarjejeniyar.

Na san za ku ce mu da muke kulle wa zai je ofis cike takarda? In anko ne ai ɗan aike ba ya gagararmu har Kantin Kwari.

Ke kuma mai suya da hannunki, babu uwar ɗakin da za ta zuba miki, ran da kika kwanta ciniki ya kwanta. Ki ware wani abu kullum daga cinikin, daban da na biki.

Idan tsautsayi ya auku, wadda ta ji raunin tana da kwana 14 ta sanar da ke, ke kuma ki kai wa hukumar rahoto cikin kwana 7.