Ba ruwan sama ne ya ɓata Kogin Wharfe ba

Tun da Ofwat, hukumar da ke sa ido kan kamfanonin ruwa, ta amince, a watan Disambar 2024, a ƙara wa jama'ar Ingila da Wales kuɗin ruwa da kusan kashi 36 cikin ɗari a tsawon shekara biyar, waƙa ɗaya ake rerawa: bututu ne suka tsufa, ruwan sama ya yi yawa, don haka kowa ya buɗe aljihu a gyara. Wannan magana ba ta da tushe, kuma garin Ilkley kaɗai ya isa ya ƙaryata ta.

Ilkley ƙaramin gari ne a Yammacin Yorkshire, a bakin Kogin Wharfe, inda yara ke wanka idan zafi ya zo. Matatar ruwan dattin garin tana gefen kogin. Ruwan masai da ruwan sama lambatu ɗaya suke bi, kuma idan matatar ta cika, akwai ƙofar da ke sakin ragowar cikin kogi ba tare da an tace ba. Doka ta yarda da haka ne kawai idan aka yi mamakon da ya wuce misali. Amma mutanen gari sun riƙa ganin najasa da tsumman goge jiki maƙale a ciyawar gaɓa bayan ɗan ruwan da bai kai ya kawo ba.

Su ne suka tashi a 2018, suka kafa ƙungiya, suka riƙa ɗibar ruwan ana aunawa, har gwamnati ta ayyana wani sashe na kogin a matsayin wurin wanka a Disambar 2020, karo na farko da aka yi wa kogi haka a Ingila. Da Hukumar Muhalli ta fara awo, sai wurin ya faɗa mataki mafi ƙasƙanci saboda ƙwayoyin cutar da ke fitowa daga bahaya.

Abin da ya fi ƙona rai shi ne, me ya sa sai da 'yan sa-kai suka yi wannan aiki? Domin tun 2009 aka bar wa kamfanonin ruwa su riƙa auna abin da matatunsu ke zubarwa, su kai rahoton kansu. An ba kura ajiyar nama ke nan. Wanda zai biya tara shi ne ke riƙe da ma'auni, hukuma kuma tana ofis tana jiran takarda. Shekara da shekaru a haka, kuma duk wanda ya yi ƙorafi sai a nuna masa wannan takardar.

Masu kare kamfanoni kan ce ai kashin tumaki da shanu ma yana gangarowa daga gonaki. To, ya gangaro. Tunkiya ba ta karɓar kuɗin wata a hannun kowa da alkawarin tace masa ruwa. Ofwat da kanta, a Agustan 2024, ta samu kamfanin ruwan yankin, Yorkshire Water, da sakaci wajen kula da matatunsa, ta ba da shawarar cin sa tarar fam miliyan 47. Wata huɗu bayan nan ta ce masu biyan kuɗin ruwa su ƙaro.

Asalin ciwon yana 1989, lokacin da gwamnatin Margaret Thatcher ta sayar da hukumomin ruwa, bayan ta yafe musu bashin da ke kansu. Alkawarin da aka yi shi ne 'yan kasuwa za su zuba jarin da gwamnati ta kasa. Yau bashin da ke wuyan kamfanonin ya haura fam biliyan 60, masu hannun jari sun kwashi riba ta biliyoyi, a 2023 kuwa an shafe awa miliyan 3.6 ana kwarara ruwan datti cikin koguna da tekun Ingila. Scotland ba ta sayar da nata ruwan ba. Waɗanda suka yi wa wancan cinikin tafi su ne yau ke nuna gajimare da yatsa, kuma su ne ke son mai ɗan albashi a Ilkley ya sake biyan kuɗin gyaran da ya riga ya biya shekara talatin da biyar.