A Ceto Na'urorin Gwajin Fitilu Kafin Batirinsu Ya Mutu

Zuwa ga Hukumar Makarantun Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano, da ofishin Kano na Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki, da Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukumar Fagge.

Wannan kira ya fito ne daga Rijiyar Lemo, a madadin masu wayarin da masu haɗa sola da ke sayo kayan aikinsu a Sabon Gari. Roƙonmu a kan tsofaffin na'urorin gwajin fitilu ne, irin waɗanda ake samu a ɗakunan koyar da sana'ar lantarki da ɗakunan gwaji: ma'aunin haske, ma'aunin wutar da ƙwan fitila ke ci, da na'urar da ke zana yadda wuta ke gudana. Da yawansu ƙarfe ne mai kyau, sun fi wasu sababbi juriya. Abin da ke kashe su ƙarami ne ƙwarai.

A cikin irin waɗannan na'urori akwai wani ɗan batir, sau da yawa na bolt 3 mai kama da kwabo, wani lokaci kuma a binne yake cikin ƙwaƙwalwar na'urar. Aikinsa shi ne riƙe agogo da saiti idan an kashe ta. A wasu tsofaffin ƙira, har lambobin daidaita awo da kamfani ya zuba tun daga masana'anta, wannan batirin ne ke riƙe da su. Rayuwarsa kusan shekara 10 ce, kuma zafin Kano na watan Afrilu, da ke haura digiri 40, yana rage masa kwana. Ranar da ya mutu lambobin sun tafi. Na'urar za ta kunnu, allonta zai yi haske, amma ko dai ta ƙi aiki ko ta riƙa ba da awon ƙarya, wanda ya fi muni, domin ɗalibi zai rubuta shi a littafinsa ya ɗauka gaskiya ne. Masu batir irin na caji kuwa, idan ya tsufa yakan yi yoyo ya cinye hanyoyin tagulla na allon ciki.

Ranku ya daɗe, a nan ne ake buƙatar hannun wanda ya sani. Duk mai gyaran rediyo zai iya cire batir ya sa sabo, sai dai a daidai lokacin da ya zare tsohon, ƙwaƙwalwar na iya gogewa. Ƙa'ida ita ce a fara kwafe lambobin zuwa kwamfuta, ko a jona wani batir na wucin gadi ya riƙe ƙwaƙwalwar har a gama. Haka sabunta manhajar cikin na'ura: idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar zuba ta, na'urar na iya ƙin tashi gaba ɗaya. A garinmu kuwa ba mai ɗora irin wannan aiki a kan wutar KEDCO kaɗai ba tare da inbata mai cikakken caji ba.

Sabunta manhajar yana da dalili. An saita tsofaffin ma'aunan haske ne da ƙwan fitila mai zare, wanda haskensa ja-ja ne, a ma'aunin launi na kelbin 2856. Yau kasuwa ta koma LED, wanda launin haskensa daban ne, kuma ba ya jan wuta sumul kamar mai zare. Tsohon ma'auni na iya kuskure a kansa. Inda kamfani ya fitar da sabuwar manhaja mai gyaran wannan lissafi, a zuba ta. Inda matsalar ta idon na'urar ce, manhaja ba za ta yi magani ba, sai a rubuta a jikinta cewa ba ta dace da LED ba.

Ga abin da ya sa maganar ta shafi talaka. Ƙwai mai zare na wat 60 yana ba da haske kusan lumen 800, kuma LED mai kyau na wat 9 yana ba da kwatankwacin hakan. Amma mai saye a Sabon Gari lambar da ke kan kwali kawai yake gani. Shi ma ɗan kasuwar haka aka kawo masa. Mai sayen gero yana da mudu a gabansa, mai sayen haske ba shi da komai. Tun da aka kawo wutar sola kasuwar Sabon Gari a 2018 ƙarƙashin shirin Hukumar REA mai samar da lantarki a karkara, kowane wat ya zama kuɗi a idon mai shago, haka ma mai ɗan fanel ɗaya a saman kwanonsa a Kwaciri ko Rijiyar Lemo.

Muna roƙon Hukumar Makarantu ta sa a ƙirga na'urorin da ke kwalejojin fasaha, a rubuta shekarar kowacce da irin batirinta, a canza batiran da suka haura shekara 8 tun suna da rai, a manna takardar kwanan wata a jiki. Hukumar SON, wadda ke da Cibiyar Awo ta Ƙasa a Inugu, ta taimaka da sake daidaita waɗanda saitinsu ya riga ya goge, ta kuma horar da malaman bita biyu ko uku a kan wannan aiki. Ƙaramar Hukumar Fagge kuwa ta zauna da shugabannin kasuwar Sabon Gari a ware ɗan shago guda, a ajiye na'ura ɗaya da aka gyara, yadda dila zai gwada samfur kafin ya sauke katan ɗari, mai wayarin ma ya gwada kafin ya ɗaura a gidan mutane.

Muna fatan a fara ƙirgar kafin zafin bazara mai zuwa. Allah ya ba ku ikon dubawa.