Ɓoye baƙar taga ba laifi ba ne, ɓoye kuskure ne laifi

Duk wanda ya saba da wayar Android ya san idan ya taɓa alamar WhatsApp, WhatsApp ɗin ne zai buɗe, ba wani abu ba. Shi ya sa ranar da irin wannan matashi ya zauna gaban kwamfuta mai Windows, ya danna alamar wata manhaja, sai ga wata baƙar taga mai farin rubutu ta faɗo, gabansa kan faɗi. Wani ya ɗauka bairos ne. Wani ya yi sauri ya rufe ta, manhajar ta mutu tare da ita, aikin da bai adana ba ya bi ruwa.

Wannan taga ba cuta ba ce. Windows ta raba manhajoji gida biyu: masu aiki da rubutaccen umarni, da masu tagoginsu na kansu. A cikin kowane fayil na exe akwai alamar da ke faɗin gidan da yake. In na gidan farko ne, Windows da kanta take buɗe masa baƙar tagar tun kafin ya fara komai. Ga mai rubuta manhaja tagar tana da amfani, don a nan yake ganin kurakuransa. Amma mai shagon da aka rubuta wa manhajar lissafin kaya ba shi da abin yi da ita. Barin ta a gabansa tamkar tela ne ya miƙa riga da zaren dajiya a jiki.

Hanyoyin kawar da ita ba ɗaya ba ne, kuma ba ƙarfinsu ɗaya ba. Mafi sauƙi shi ne a danna dama a kan gajeriyar hanyar, wato alamar nan mai ƙaramar kibiya, a shiga Properties, a mayar da Run zuwa Minimized. Sai dai wannan bai kashe tagar ba, ƙasa kawai ya tura ta. PowerShell yana da umarnin -WindowStyle Hidden, amma sau da yawa tagar kan yi walƙiya kafin ta ɓace. An daɗe kuma ana rubuta ƙaramin fayil na VBScript da zai kira manhajar da lambar 0, ma'ana a ɓoye. Yana aiki, to amma tun 2023 Microsoft ta sanar za ta yi ritayar VBScript, don haka gini a kansa gini ne a kan rairayi.

Hanyar da ta fi tsabta ita ce a gyara tun daga tushe. Mai Python ya sa pythonw.exe a gurbin python.exe cikin akwatin Target, ko ya sauya ƙarshen sunan fayil ɗin zuwa pyw. Mai Java yana da javaw.exe. Wanda ke haɗa manhajarsa da PyInstaller ya ƙara --noconsole. A Linux kuwa layi ɗaya ne, Terminal=false, cikin fayil ɗin desktop. A nan babu wata dabarar ɓoyo, don tun farko ba a buɗe tagar ba.

Amma akwai farashi, kuma nan ne masu koyo da yawa ke faɗawa rami. Idan tagar ta tafi, wurin da saƙon kuskure yake fitowa ya tafi. Manhaja za ta iya mutuwa shiru. Mai shago ya danna sau biyar, bai ga komai ba, ya buga waya yana faɗa, wanda ya rubuta ta kuma ba shi da abin dubawa. Saboda haka duk wanda ya cire tagar, wajibi ne ya sa manhajar ta riƙa rubuta kurakuranta a wani fayil, ta kuma fito da ƙaramin saƙo idan ta kasa tashi. In bai yi haka ba, bai gyara komai ba, shara ya tura ƙarƙashin tabarma.

Akwai masu ganin gara a bar tagar yadda take, domin ɓarayin intanet ma da wannan dabarar suke aiki. Maganarsu tana da tushe. Duk wanda ya taɓa kai filash shagon buga takardu ya dawo ya tarar foldodinsa sun koma alamomi masu kibiya ya ga misali. Bairos ɗin ya ɓoye ainihin foldodin, ya ajiye na bogi, ana dannawa sai ya tashi a ɓoye. Stuxnet ma, wanda aka gano a 2010 bayan ya auka wa cibiyar nukiliyar Iran, ya yi amfani da wani rauni a irin waɗannan fayiloli wajen yaɗuwa ta filash.

Sai dai barin tagar a manhajar kirki ba zai hana ɓarawo ɓoye tasa ba. Abin da zai jawo kawai shi ne mutane su saba ganin baƙar taga har su daina tambaya. Kariyar gaskiya ita ce duba Target. Idan alamar da ta ce ita folda ce ko hoto tana kiran cmd.exe, wscript.exe ko powershell.exe da dogon rubutu marar kan gado, kada a danna. A bi filash ɗin da manhajar kashe bairos, sannan a dawo da foldodin da umarnin attrib -h -r -s /s /d daga cikinsa.

Bambancin mai gina manhaja da ɓarawo yana ga abin da kowannensu ya ɓoye. Na farko ya ɓoye tagar da ba ta da amfani, ya bar manhajarsa a fili, ana ganinta, ana iya rufe ta, tana faɗa idan ta samu matsala. Na biyu manhajar kanta ya ɓoye. Matashin da ke shirin miƙa wa kwastoma aikinsa na farko ya cire tagar, amma kafin ya miƙa, ya lalata wani abu da gangan ya danna alamar. In manhajar ta yi shiru, aiki bai ƙare ba.