Laifin Ba Na Ƙugiya Ba Ne

'Yan'uwa marubuta, mun gaji da jin shawarar nan cewa mu bar rubuta ƙ, ɗ da ɓ wai kwamfuta ba ta son su. Ƙasa daban, kasa daban. Wanda ya ce mu haɗa su don a sauƙaƙa wa na'ura, nauyinsa yake ɗora mana.

Ga inda gizo ke saƙa. Manhajar da ke ƙirga kalmomin labarinmu tana karanta rubutu ne harafi bayan harafi. Tana tsallake sarari har ta ci karo da harafin farko na kalma, sai ta mayar da shi inda ta ɗauko, don ta karanto kalmar daga tushe. A yaren C, tsohon umarnin da ke wannan mayarwa shi ne ungetc, kuma ƙa'ida bayit ɗaya tak ta lamunce masa. Harafin k bayit ɗaya ne a tsarin UTF-8. Amma ƙ bayit biyu ne, haka ɗ da ɓ da ƴ, haka haruffan Larabci da muke ajami da su. Kafin manhaja ta gane ƙ ce sai ta karanta biyun, ta zo mayarwa kuma ɗaya aka yi mata alkawari. Wata na'urar ta karɓi biyun, wata ta ƙi, rabin harafi ya salwanta.

Maganin ba sabo ba ne. Tun 1995 aka ƙara wa C umarnin ungetwc, mai mayar da harafi ɗungurungum, da abokinsa fgetwc mai karantowa. Shi ma harafi ɗaya aka lamunce masa, amma harafi ne cikakke. Sharaɗi dai a kira setlocale tun farko, kuma kada a cakuɗa shi da umarnin bayit a fayil guda.

Za a ce mu marubuta ne, ina ruwanmu da wannan? Da ruwanmu, tunda littafinmu ne ke fitowa da alamar tambaya a gurbin ɗ. Idan mai haɗa manhaja ya kawo mana aiki, mu gwada shi da “ƙwarya” da “ɗanɗano” kafin mu biya. In ya ce mu cire ƙugiya, mu tambaye shi da wane umarni yake mayar da harafi.