Zaman Iyali: Gigin Tsufa, Abokin Zama Ne Ke Fara Gani

Wannan wata da ma'aurata nake, gama su ne kan lura da gigin tsufa tun 'ya'ya ba su farga ba.

Kowa yakan manta inda ya ajiye makulli, wannan ba kome. Abin dubawa shi ne aikin da hannu ya saba ya kuɓuce. Uwargida ta shekara arba'in tana tuƙa tuwo, yau ta tsaya gaban tukunya ta rasa abin da za ta yi, ko ta sa gishiri sau uku a miya. Maigida da ke cin kasuwa tsakanin Kebbe da Tambuwal tun yana saurayi ya kasa lissafin canji, ko ya ɓata a hanyar gonarsa. Sa'an nan zargi: ya ɓoye kuɗi, ya manta, ya ce matarsa ta sace.

Zargin nan ya fi kome cin rai, daga nan kuma maƙwabta kan soma zancen sammu ko maita. Alhali ciwon ƙwaƙwalwa ne. A 1901, a ƙasar Jamus, wani ma'aikacin jirgin ƙasa ya kai matarsa Auguste, mai shekara 51, asibiti saboda mantuwa da kishi marar dalili. Likita Alois Alzheimer ya duba ta. Da ta rasu a 1906 ya binciki ƙwaƙwalwarta, ya ga lalacewar da ake kira da sunansa har yau.

Ba a sami maganin da ke warkar da wannan ba tukuna, amma kada a zauna gida. Ƙarancin bitamin B12 da baƙin ciki mai tsanani sukan kawo irin wannan mantuwa, suna kuwa jin magani. Hawan jini da ciwon sukari, in an ƙyale su, sukan ƙara ɓarna. In ruɗewar ta zo farat ɗaya, musamman da zazzaɓi ko karkacewar baki, a tafi asibiti ran nan.

Shawarata ta malamin makaranta: a sami littafin rubutu, a riƙa sa abin da ya faru da ranarsa. A fara da Babban Asibitin Tambuwal. In da bukata za a tura ku Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kware. Ku shiga wurin likita tare, domin in an tambayi mai ciwon, lafiya lau zai ce.