Gidan Baƙi Ba Mai Gida

Duk wanda ya bi hanyar Akra zuwa Kumasi ya san Nkawkaw, ya kuma san duwatsun Kwahu da suka tsaya a kanta kamar ganuwa. A bisa duwatsun nan, daga Atibie da Mpraeso har Abetifi, wani salon masauki ya samu gindin zama: ɗan gida mai ɗaki biyu ko uku, da madafa da tukwane da murhun gas, wanda baƙo zai kama na kwana uku ko mako guda ya riƙa dafa wa kansa abinci. Ta waya ake tura kuɗi, a hannun mai gadi ake karɓar mabuɗi. Dama Ista lokacin komawa gida ce ga mutanen Kwahu, amma tun da aka ƙara mata bikin shawagi da laima daga dutsen Odweanoma a 2005, sai ta zama kakar masu irin waɗannan gidaje.

Yanzu zancen ya shigo zango. Matasanmu masu ɗan hali suna lissafin gina irinsa, wasu dattawa kuma suna cewa abin kunya ne Bahaushe ya karɓi kuɗin kwana daga baƙo. Mu dai ba mu yarda da dattawan ba, kuma da girmamawa muke faɗa. Wanda ya ce kakanninmu kyauta suke saukar da baƙi bai san tarihin Salaga ba. A zamanin fataucin goro, mai gida shi ke ba fatake ɗaki, ya adana musu kaya, ya nemo musu mai saye, ya yi musu tafinta, sannan ya ci la'adarsa ba tare da kowa ya ga baƙinsa ba. Da yaƙin 1892 ya tarwatsa kasuwar Salaga, da wannan sana'a mutanenmu suka bazu zuwa Kete Krachi da sauran garuruwa. Kalmar zango kanta ma'anarta wurin da ayari ke yada kaya. Saukar baƙo sana'armu ce ta gado, kuma sana'a ba ta haramta riba ba.

Rigimarmu da matasan ce ta fi zafi. Abin da suke son kwaikwayo gida ne da aka cire masa mai gida. Baƙo ya zo da dare, ya tafi da dare, ba wanda ya san sunansa, ba wanda zai amsa idan ya yi ɓarna, ba wanda zai tsaya masa idan aka cuce shi ko ciwo ya kama shi. Mai ginin yana Akra ko Jamus yana jiran saƙon kuɗi ya shigo wayarsa. Maƙwabta ne ke kwana da kiɗan, su ke share kwalaben da safe. Ga mu kuwa tsiraru a ƙasar da muke zaune da mutuncin da iyayenmu suka tara. Gida ɗaya da ya yi ƙaurin suna ya isa a ce "halin 'yan zango ke nan".

Sai batun tukunya, wanda ba a cika kula da shi ba. Baƙon da ya ciko bayan mota da shinkafa da mai da kaji daga babban kanti a Akra, me ya bar wa garin? Mai koko da ƙosai ba ta gan shi ba, mai waake ba ta gan shi ba, mahauci da mai tsire ba su gan shi ba. Waɗannan kuwa su ne sana'o'in da suka biya kuɗin makarantar yawancinmu. Ba mu musun cewa madafa tana da amfani: iyali Musulmi da ke son tabbatar da halaccin abin da suke ci, ko mai jego, ko mai ciwon sukari, duk suna buƙatarta. A bar madafar. Amma a sa mutum a gidan, mai suna da fuska, wanda zai tarbi baƙo da ruwa, ya nuna masa alƙibla, ya kai shi wurin sarkin zango su gaisa, ya gaya masa ƙofar da ake sayar da tuwo da dare.

Wanda kuma yake shirin kwashe kayan gwaggonsa daga ɗakin gado don ya samu wurin ajiye baƙin Ista na kwana huɗu, ya fara gaya wa dangi inda za ta kwana sauran shekarar.